Waken Inna

Tun da Inna ta daina gane 'yarta ta fari, sai ta raɗa mata sabon suna. "Baiwar Allah, miƙo min ruwa." "Baiwar Allah, wa ya kawo ni gidanku?" Matar da ake wa wannan kiran, wadda dangi da maƙwabta suka sani da Tsaf-tsaf tun tana 'yar mitsitsiya, sai ta miƙa ruwan, ta gyara matashin kai, ta ce, "Ni ce fa, Inna." Tsohuwar takan dube ta da irin ladabin da ake yi wa baƙo mai kirki, ta ce, "Allah ya yi miki albarka. Iyayenki sun iya tarbiyya."

Da a ce Inna ta manta da ita gaba ɗaya ne, da ƙila abin ya zo da sauƙi. To ba ta manta ba. Kullum sai ta ba da labarin Tsaf-tsaf ɗinta, yarinya mai siraran ƙafafu wadda ba ta iya barci in takalman gida ba a jere suke ba, wadda sai ta wanke sabulu kafin ta yi wanka da shi. Sai dai yarinyar nan da wannan mata mai furfura da tabarau da ke shafa mata mai a ƙafa, Inna ta kasa haɗa su su zama mutum ɗaya. Tsaf-tsaf takan zauna a bakin gado tana sauraron labarin kanta kamar na 'yar wasu, kewar uwarta na cin ta, alhali ga uwar nan hannu na taɓa hannu. Ba ta neman komai a duniya yanzu illa Inna ta ɗago kai sau ɗaya ta ce, "Au, ke ce?"

Sunan nata kuwa bai faɗi ƙasa banza ba, don har aikin da ta samu irin nata ne. A kamfanin da ke shirya lemu cikin kwali take, sashen tantancewa. Lemu na tahowa bisa bel ɗin inji mai tafiya ƙarƙashin farar fitila, mata na tsaye gefe da gefe da safar hannu, kowa na cire abin da bai yi ba: mai tabo, ɗan ƙarami, wanda ya tsotse, wanda ya zo da wata siffa tasa daban. Abokan aikinta kan ce ko an ɗaure mata ido hannunta zai gano lemun da ke shirin ruɓewa jibi. In an kawo sababbin ma'aikata, kusa da ita shugaban sashe ke tsayar da su ya ce su kalli yadda ake yi. Ita kam ba ta ga abin kallo ba. A wurinta duk abin da ya fita daban da 'yan'uwansa waje ne mazauninsa, kuma ta ɗauka haka kowa ke gani.

Mijinta, Malam, tsohon malamin kimiyya ne da ya yi ritaya, shi ke zama da Inna in ta tafi aiki. A da Inna ko ruwa ba ta iya sha a gabansa don kunya. Yanzu ta yanke hukuncin cewa mai gyaran famfo ne, saboda ta taɓa ganinsa riƙe da sifana, sai ta saki jiki da shi suna ta hira, tana yi masa faɗan ya nemi sana'a mai ɗorewa tun da sauran ƙarfinsa. Malam ya karɓi sabon muƙaminsa hannu bibbiyu.

"Ke ai kin gode Allah, baiwar Allah aka ce miki," yakan ce wa matarsa. "Ni da digirina an mayar da ni gyaran famfo."

Takan yi dariya, don ta san saboda ita yake faɗa, amma dariyar ba ta wuce leɓe.

Ana cikin haka Inna ta fara ƙin abinci. Ta ci loma biyu ta kau da kai, a yi lallashi, a yi dabara, ta ce ta ƙoshi. Likita ya duba ya ce ba wani sabon ciwo, shekaru ne, a ba ta duk abin da ranta ke so. Da aka tambaye ta me ranta ke so, ta yi shiru har aka ɗauka ta manta da tambayar. Can sai ta ce, "Ina wakena?"

Tsaf-tsaf ta ji kamar an yi mata bushara, domin wannan kam tana da shi. Ranar da za ta bar gida zuwa ɗakin miji, Inna ta ɗebo mata iri cike da tafin hannu biyu daga gwangwanin da take ajiya, ta ƙulle mata a tsumma. Gonar Inna tuni gari ya cinye ta, shaguna ne a wurin yanzu, gidan ma ya zama na wasu. Waken nan ne kaɗai ya rage daga wancan zamanin, kuma Tsaf-tsaf ba ta taɓa barin damina ta wuce ba ta shuka shi ba. A bayan ɗakunansu na haya akwai wani siririn tsakar gida na siminti inda ake shanya, nan ta jera bokitai da yankakkun jarkoki ta cika da ƙasa. In ya nuna ta ɓare, ta shanya, sannan ta zauna da faranti a cinya ta bi shi ƙwaya-ƙwaya tana cire wasu baƙaƙe ƙanana masu yamutsattsen fata tana zubarwa.

Wannan ma gado ne. Aikinta ke nan a gidansu tun tana yarinya. Duk ranar da za a dafa wake, Inna kan miƙa mata faranti da ɗan kofi ta ce, "Tsaf-tsaf, cire min baƙaƙen, kada ki bar ko ɗaya." Ba ta taɓa barin ko ɗaya ba, Inna kuwa takan shafa kanta ta ce ba ta da kamarta. A nan birni baƙaƙen sun ba ta wahala, don taurin kai ne da su. Ba ta shuka su, amma sai sun fito, saboda kwansonsu kan fashe tun a jiki ya watsa 'ya'ya cikin bokiti. Sai da ta juye ƙasar bokitan kakaf ta sako sabuwa, wata shekarar ta sake juyewa, sannan ta ga bayansu. Ran da ta yi girbin da babu baƙi ko ɗaya a ciki har Malam ta kira ya zo ya gani.

Don haka da ƙarfin gwiwarta ta ɗauko faranti mafi kyau a gidan ta zubo waken, farare tas, manya-manya, kansu ɗaya kamar an auna. Ta ɗora a cinyar Inna ta durƙusa tana kallon fuskarta. In Inna ta gane waken, ai za ta tuna wa ta ba shi. In ta tuna wa ta ba shi, sauran mai sauƙi ne.

Inna ta sa hannu ta motsa, ta ɗebo ta kai kusa da ido, ta shinshina. Sai ta mayar ta kakkaɓe hannu.

"Na kanti ne wannan."

"Naki ne, Inna. Ke kika ba ni da hannunki."

"Baiwar Allah, an cuce ki. Ni ban taɓa shuka wannan ba."

Duk da haka Tsaf-tsaf ta dafa, ta ce ƙila harshe ya gane abin da ido ya ƙi. Inna ko kallon kwanon ba ta yi ba.

Malam ya iske ta a tsakar gida zaune bisa kifaffen bokiti. Ba lokacin wake ba ne, busassun igiyoyinsa ne kawai ke lilo a jikin bututun ruwa, sun hau har tagar mutanen sama. Ya jingina da katanga.

"Ko ƙwaya ɗaya ta waje ban taɓa haɗa shi da ita ba," ta ce. "Ko ɗaya, Malam. Rikicewa ce kawai irin tata."

"Ƙila. Amma bari in tambaye ki. Da muka tare a gidan nan, me ke bayan katangar nan?"

"Fili."

"Rana fa?"

"Tun safe har yamma."

"Yanzu fa?"

Ta ɗaga kai. Dogon benen da aka gina a filin ya tokare sama. Rana sai ta take tsaka take leƙowa tsakar gidan, kafin a gama wanke-wanke ta wuce abinta, shanya ma sai ta kwana ba ta bushe ba.

"Kin tuna da farko ba duka ke hawa ba?" Malam ya ce. "Wasu gajeru ne a tsaye, wasu yaɗo suke a ƙasa, ɗaya-ɗaya ne ke kama igiyar shanya. Abin da Inna ta ba ki ba iri ɗaya ba ne, taron dangi ne. Da aka tare rana sai kowa ya shiga ta kansa. Mai iya hawa ya hau ya shanye ɗan hasken, ya ƙara wa na ƙasa inuwa a kan inuwa. Gajerun su yi fure biyu su bushe. Ke kuma a wurin wa kike ɗebar iri? Wanda ya ba da 'ya'ya. Shekara ta zagayo ki shuka 'ya'yan mahaya, su haifa miki mahaya."

"Wato ni na ɓata shi."

"Ban ce ba. Bene ya yi zaɓensa, wake ya yi kokawarsa, ke kika riƙe musu gwangwani. Haka duk wani mai rai yake, in wuri ya canza, wanda wurin ya karɓa shi ke barin baya. Ko tsuntsaye ma in kika duba bakinsu…"

"Malam, ba a aji muke ba."

"Na yi shiru."

Bai yi ba. Yana kai wa bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Auta fa? Ba ita ma an ba ta nata ba?"

Tsaf-tsaf ta yi tsaki. Auta ƙanwarta ce, su biyu rak Inna ta haifa, amma ka rantse ba ciki ɗaya suka fito ba. Auta ba ta taɓa mayar da murfi kan tukunyarsa ba tun da aka haife ta. Tana aure can nesa, a wani gari mai duwatsu inda mijinta ke tuƙa tifa, tana ɗinki tana fama da 'ya'ya. Zuwa duba Inna kuwa sai an daɗe, kuma Tsaf-tsaf na riƙe da wannan a ranta ko da yake ba ta taɓa furtawa ba. Matar da ke ɓatar da makullin ɗakinta a cikin ɗakinta ce za ta riƙe iri shekara da shekaru? Amma da ta leƙa ta ga yadda wuyan Inna ya rame, sai ta ɗauki waya.

"Waken Inna?" Auta ta ce, ana jin ƙarar keken ɗinki da kukan yaro a bayanta. "Yana nan mana, ai wannan ba ya mutuwa. In ba direba ya kawo miki?"

"Bar shi, zan zo da kaina," in ji Tsaf-tsaf, don ta san in ta Auta za a bi sai wata damina.

Ranar hutunta ta yi sammako ta shiga mota, da ƙullin farin wakenta a jaka. Tana zaune gefen taga tana kallon yadda ƙasa ke sauya kama. Manyan bishiyoyi masu faffaɗan ganye suka riƙa raguwa, waɗanda suka maye gurbinsu gajeru ne, ganye ƙanana, ƙaya da yawa, kowace ta ja nesa da 'yar'uwarta. Ta sha bin hanyar nan ba ta taɓa lura ba, yau surutun Malam ya sa ta gani, abin har ya ɗan ba ta haushi.

Gidan Auta na bakin gari, kusa da inda ake fasa dutse, komai na gidan ya yi fari da ƙura. Keken ɗinki a baranda, ƙyallaye a ƙasa, takalman yara ko'ina kamar an watsa wa kaji tsaba. Auta ta fito da gudu, ta yi ƙiba, tef ɗin awo na rataye a wuyanta, ta rungume yayarta tana dariya tana hawaye.

"Yaya, don Allah kada ki jera min takalma, ba za mu gane su ba."

Tsaf-tsaf ta janye ƙafarta, don kuwa har ta fara tura ɗaya kusa da ɗan'uwansa.

Bayan an sha ruwa an tambayi jikin Inna, Auta ta shiga ɗaki ta jawo wani tsohon bokitin fenti daga ƙarƙashin gado. Waken na ciki cakuɗe da toka da ɓawo, har da wani maɓalli da Auta ta ce ta daɗe tana nema. Ƙanana ne, wasu ja, wasu ruwan ƙasa, wasu masu zane-zane, babu fari ko ɗaya.

"Wannan ne waken Inna?" Tsaf-tsaf ta ce.

"Shi ne mana. Mu ga naki."

Ta kwance ƙullinta. Auta ta leƙa, ta riƙe ciki tana dariya.

"Yaya, naki ya je birni ya yi bilicin!"

"Naki kuma kamar wanda aka ƙwato daga bakin akuya."

"Ai daga nan aka ƙwato shi. Nan ruwa ba ya zama, ya zo ya yi ɗan abin da zai yi ya ɗauke. Wanda ya tsaya yanga yana miƙa igiya, kafin ya yi fure ƙasa ta bushe. Ga ciyawa na danne shi, ga awakin maƙwabta. Sai gajere mai gaggawa, ya yi 'ya'yansa ya gama kafin a farga. Ni ba na zaɓa, a bayan katanga nake watsawa, abin da ya rage shi nake kwashewa. Fararen nan manya tun shekarun farko suka ƙare min."

Tana magana tana ɗebo nata tana hure tokar, ta zuba a tire. Sai ta miƙa hannu ta ɗebo na yayarta ta zuba a kai, ta cuɗa da yatsa. Dariyar ta tsaya. Su duka biyu suka zuba wa tiren ido.

Shi ne. Fari cikin ja, ja cikin mai zane, manya da ƙanana, da ƙamshin toka. Tsaf-tsaf ta ga cinyar Inna da zanenta na aiki, ta ga hannunta mai kaushi yana juya wake, ta ji muryarta tana kira daga bakin murhu, muryar da ta san wa take kira. Ashe haka yake, ita ce a hankali ta manta, kowace shekara tana ganin abin da ta girbe tana ɗauka shi ne na bara. Kewa ta taso mata. Ta cire tabarau ta share ido da gefen mayafi, ba ta ko ji kunyar ƙanwarta ba.

"Saura baƙin," Auta ta ce tana jan hanci. "Kawo mu zuba."

"Wane baƙi?"

"Baƙin wake mana. Ƙananan nan masu kama da fatar tsohuwa."

"Ai waɗannan ɓatattu ne. Na daɗe da raba shi da su."

Auta ta ɗago. "Kin raba shi da su kamar yaya?"

"Na tsince na zubar. Ba haka Inna ke sa ni ba?"

"Yaya." Auta ta ajiye tiren a hankali. "Kofin nan da kike cika mata, ina kika ɗauka take kai shi?"

Tsaf-tsaf ta yi ƙoƙarin tunawa. Ba ta taɓa gani ba. Ita dai takan miƙa kofin, a shafa kanta, ta ruga ta wanke hannu. Abin da aka ce a cire kada a bar ko ɗaya, ina za a kai shi in ba bola ba? Ko a ranta ba ta taɓa yin tambayar ba.

"Gwangwanin iri take mayar da su," Auta ta ce. "Ba ta yarda a dafa su don ba su da yawa. Bayan kin tafi ni na gaji kofin, ni kuwa kin san ni, rabi nake bari a ciki, har duka na sha a kai. Shekarar da ruwa ya yi yawa, rana ta ƙi fitowa, duk sauran suka ruɓe a gona, shi kaɗai ya tsaya. Ba kya nan lokacin. Shi muka ci har wata damina. Inna cewa take shi ne ɗan halak a cikinsu, ba a ganin amfaninsa sai ran da kowa ya gudu."

"Ke kina da shi?" Muryar Tsaf-tsaf ta fito siririya.

"Ina? Ba ya son rana da yawa, ga jinkirin nuna. Nan ko damina biyu bai yi ba. Ni ban damu ba, na ce ai a wurin Yaya zai ji daɗi, ga laima ga inuwa."

Ya kuwa ji daɗi. Yanzu ne ta tuna. Bayan an gina benen nan ne baƙaƙen suka fi yawa, a can kusurwa bayan tankin ruwa inda rana ba ta kai wa, ganyensu kore shar alhali sauran na ramewa. Tsakar gidanta ta karɓe shi fiye da kowane. Bene bai kashe shi ba, mahayan ba su danne shi ba. Ita ce ta zauna da faranti a cinya, shekara bayan shekara, tana jin daɗin cewa tana yi wa uwarta biyayya.

"Ba ki sani ba ne, Yaya," Auta ta ce ta dafa gwiwarta. "Tashi mu juye bokitin, ƙila wani ya maƙale."

Suka shimfiɗa tabarma suka juye shi kaf, suka bi shi da yatsa har rana ta yi sanyi. Hannun da ke gano ruɓaɓɓen lemu cikin dubu bai taɓa aiki da gaske irin na ranar ba. Sau da yawa wani abu baƙi ya sa gabanta ya faɗi, ta ɗauko ta ga tsakuwa ce ko gawayi. Babu.

Auta ta raka ta tasha riƙe da ƙullin cakuɗaɗɗen waken, ta yi alkawarin zuwa da an yi hutun makaranta.

"Ki gaishe min da Inna, ko da ba za ta san daga wa ba."

Washegari kafin ta tafi aiki Tsaf-tsaf ta shiga tsakar gida ta janye bokitai, ta leƙa bayan tanki, ta sa tsinke a tsagar siminti, ta buɗe murfin magudana. Malam na tsaye yana riƙe mata tocila, ya ji labarin duka, kuma a karon farko tun da ta san shi bai ce komai a kai ba. Ba su sami komai ba. Tsakar gidan da Tsaf-tsaf ke sharewa safe da yamma ba inda ƙwaya za ta ɓuya a cikinta.

Da ta dawo aiki da la'asar ta iske Inna zaune a kujera kusa da taga, an yi mata wanka, tana kallon labule. Tsaf-tsaf ta zuba waken a faranti yadda yake, da tokarsa da ɗan ɓawonsa, hannunta na ƙaiƙayi amma ta bar shi. Ta ɗora a cinyar Inna ta durƙusa.

Inna ta duba. Ta sa hannu ta motsa, ta ƙara motsawa. Sai fuskarta ta buɗe, ta gyara zama kamar wadda aka rage wa shekaru.

"Kai! Ina kuka shiga?" Ta ɗauko ɗaya ta ɗaga. "Ga mai gaggawa. Ga ja. Wannan mai zanen kakata ce ta zo da shi. Ga farin nan mai son hawan kara, sarkin yanga." Ta yi dariya, dariyarta ta da, mai fitowa daga ciki. "Wannan nawa ne. A ɗora min yau, zan ci."

"Za a ɗora, Inna."

Tsaf-tsaf ta cire tabarau, ta matso da fuskarta inda haske ke faɗowa. Malam ya tsaya a bakin ƙofa da kofin shayi a hannu bai shigo ba. Inna na ta juya waken, ta tara shi gefe guda, ta baza, ta sake tarawa. Yatsunta suka fara tafiya a hankali, suna bin gefen faranti, suna tona tsakiya.

"Babu baƙin," ta ce.

"Babu, Inna."

Ta ɗago ta dubi matar da ke durƙushe a gabanta, ta ga hawaye, sai tausayi ya kama ta. Ta ɗora hannu a kan nata.

"Haba, baiwar Allah, abin kuka ne? Kin yi ƙoƙari. Ki je wurin 'yata ta fari, Tsaf-tsaf ake ce mata, kowa ya san ta. Ita ke tsince min su, ba ta barin ko ɗaya ya salwanta. Ki ce ni na aiko ki, za ta ba ki."

Malam ya juya ya koma da shayinsa.

"To, Inna," Tsaf-tsaf ta ce. "Zan je."

Inna ta mayar da ido kan farantin tana ci gaba da juya wakenta.

"Ki ce mata kuma ta leƙo ni. Na daɗe ban gan ta ba."